Babi na Biyar: Mai Sake Zaman JAMB Domin Karatun Likita

Sakamakon JAMB shekara ɗaya kawai yake aiki. Wanda ya ci 270 bana bai samu gurbi ba, da zarar baɗi ta zagayo wannan maki ya tashi aiki, ba zai ƙara masa komai ba, ba zai rage masa komai ba. Zai sake sayen fom, ya sake dangwala yatsunsa, ya sake zama gaban kwamfuta tare da yaran da suka gama sakandare jiya-jiya, a ba shi tambayoyi 180 da awa biyu kamar kowa. A Amurka makarantar likitanci tana ganin cewa ka taɓa nemanta ta ƙi ka, har takan so jin me ka sauya tun daga lokacin. A Najeriya babu wannan. Jerin sunayen da ke zuwa gaban jami'a jerin maki ne, kuma maki ba ya faɗin sau nawa mai shi ya zauna kafin ya same shi.

Saboda haka idan yaro ya tambaye ni, "Malam, mai maimaitawa yana da dama kuwa?", amsar farko mai sauƙi ce: a takarda, damarsa daidai take da ta wanda ya zo karon farko. Amsa ta biyu ita ce mai nauyi, ita ce kuma dalilin wannan babi. Tunda tsarin ba ya tuna bara, babu tausayin da zai yi wa wanda ya sha wahala bara. Abin da kawai zai iya sauya sakamako shi ne abin da yaron da kansa ya sauya tsakanin zama na farko da na biyu. Na ga yara da yawa sun zauna sau biyu, sau uku, da littafi iri ɗaya, da zaɓin jami'a iri ɗaya, da takardar sakandare iri ɗaya, suna jiran rabo ya juyo. Rabo na Allah ne, ba mai musun wannan. Amma wanda aka mayar daga ƙofa ya kamata ya fara sanin dalilin da aka mayar da shi.

Bari mu fara da girman taron. A 2024 hukumar JAMB ta saki sakamakon mutum sama da miliyan 1.8. Kusan miliyan 1.4 daga cikinsu ba su kai 200 ba cikin 400. Waɗanda suka kai 250 ko fiye kimanin 77,000 ne, waɗanda suka kai 300 kuwa kimanin 8,400. A ɗaya ɓangaren ga gurabe. Jami'a ba ta da ikon ɗaukar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Majalisar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makaranta adadinta, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Shekaru da dama jimillar wannan adadi a ƙasar gaba ɗaya tana wajen 5,000. A lokacin Farfesa Muhammad Ali Pate a ma'aikatar lafiya gwamnati ta sanar da ɗaga shi zuwa kimanin 10,000. Ƙari ne babba, ya kuma buɗe wa mutane hanya, sai dai a haɗa shi da waɗancan 77,000 a gani. Ba dukansu ke neman likitanci ba, wasu lauya suke so, wasu injiniya. Amma duk wanda ya taɓa koyarwa a ajin ƙarshe na kimiyya ya san inda yawancin haziƙan ajin suke sa hannu. Cikin waɗannan gurabe kuma akwai na jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda kuɗin shekara ɗaya a wasunsu ya fi abin da ƙaramin ma'aikaci yake samu a shekaru.

Wannan lissafi yana nuna abu ɗaya da iyaye da yawa ba su gane ba. Yaro na iya zama na ɗaya a makarantarsa, ya ci 250, a rasa masa gurbi, ba tare da kowa ya zalunce shi ba. Idan gida ya ɗauka cewa hanya aka rasa, ko wani babba ne ba a gani ba, shekarar maimaitawa za ta ƙare a bin ofisoshi da neman wanda ya san wani, littafi yana ajiye.

Wurin da ya dace a fara dubawa shi ne saƙon sakamakon kansa. Yaro ya tura kalmar UTMERESULT zuwa 55019 da layin da ya yi rajista, wayar ta yi ƙara, yana buɗewa idonsa ya tafi kan lamba ta ƙarshe, ya ga 242, ya kife wayar a kan tabarma. Lambobi huɗun da ke gaban wannan jimilla ba ya sake komawa kansu, alhali su ne suke magana. A ce Turanci 58, Fiziks 49, Kemistiri 61, Bayoloji 74. Wannan yaro yana son Bayoloji, shi ya sa ya ci shi, kuma idan aka bar shi da kansa a shekara ta biyu Bayolojin zai sake rungumewa, saboda karatun abin da ka iya yana da daɗi. Ko ya kwana a kai, da wuya ya ƙara fiye da maki goma. Ƙarin makin da yake nema yana kwance a Fiziks da Turanci, darussan da yake gudu. Fiziks ba a haddace shi. Sai an zauna da biro da takarda an yi ta warware lissafin motsi da wutar lantarki da haske har hannu ya saba, a kuma yi da agogo a gaba, domin awa biyu a kan tambayoyi 180 na nufin daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Turanci kuwa shi ne ciwon yaranmu na Arewa da ba a cika faɗa ba. Tambayoyinsa sittin ne, sauran darussa arba'in-arba'in, kuma raunin Turanci ba ya tsayawa a takardar Turanci. Yana bin yaro cikin Kemistiri da Bayoloji, ya karanta tambaya sau biyu kafin ya gane me ake nema, lokaci yana tafiya. Wanda zai maimaita, in har da gaske yake, ya riƙa karanta shafuka na Turanci kullum, jarida ko littafi, ban da littafin labarin da hukumar ke sa wa kowace shekara.

Akwai kuma waɗanda makinsu ya isa, abin da ya kayar da su yana cikin fayil ɗinsu tun kafin su shiga ɗakin jarrabawa. Likitanci yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'o'i da yawa suna sharaɗin a same su a zama ɗaya, ba a haɗa sakamako biyu ba. Wasu kuma ba kiredit kawai suke dubawa ba, suna ba kowane mataki maki. Jami'ar Legas tana raba awonta kashi 50 ga JAMB, 30 ga jarrabawarta ta tantancewa da ake kira Post-UTME, 20 ga sakamakon sakandare. A irin wannan awo mai C6 biyar yana baya da mai A1 da B2 tun ba a fara ba. Jami'ar Ibadan tana raba makin JAMB gida takwas, ta haɗa da rabin makin jarrabawarta, ke nan mai 280 ya shigo da 35 cikin 50, ragowar rabin yana hannun jarrabawar da yara da yawa ba sa yi wa shiri sai saura mako guda. Kowace jami'a da irin awonta, kuma yana iya sauyawa daga shekara zuwa shekara. Mai maimaitawa yana da abin da sabon shiga ba shi da shi, wato lokacin da zai binciko awon jami'ar da yake so daga bakinta, ya kuma gyara takardar sakandarensa idan ita ce matsalar. Jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO ana yin su ne domin irinsa. Abin takaici ne yaro ya ƙara maki talatin a JAMB a sake mayar da shi saboda Fiziks ɗinsa na zaman bara ne, Kemistiri na zaman bana.

Sai zaɓin jami'a, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan ne ake asarar shekaru ba gaira ba dalili. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari ga mafi maki daga ko'ina a ƙasa, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohi 23 da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, galibinsu a Arewa. Ma'anar wannan ita ce maki ɗaya yana da farashi daban-daban, ya danganta da ƙofar da aka kai shi. Ɗan Kano da ya zaɓi Jami'ar Bayero yana da hanya fiye da ɗaya ta shiga. Idan ya kai makin nan wata jami'a da jiharsa ba ta cikin yankinta, ya rufe wa kansa kashi 35 da hannunsa. Haka kuma a cikin Arewar ma ba ɗaya ba ne. Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara koyar da likitanci tun 1967, suna ne da kowa ke so, don haka cunkoson ƙofarta ya fi na kowa. Ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Jami'ar Maiduguri, ga Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya da aka kafa a Azare a 2021, ga jami'o'in jihohi irin na Kaduna da Gombe waɗanda ke fifita 'yan jiharsu. Likitan da ya fito daga kowace cikinsu, muddin MDCN ta amince da makarantar, lasisi ɗaya za a ba shi da na Zariya. Marar lafiyar da ke kwance ba ya tambayar inda aka yi karatu.

Na san dalilin da yaro ke nacewa a kan jami'a ɗaya. Wansa can ya yi, ko ya riga ya gaya wa abokansa, ko yana ganin sauyawa amincewa da kasawa ce. Amma likitanci ba kwas ba ne da ake samu a zaɓi na biyu. Masu zaɓi na farko sun cika gurabe sun yi saura, don haka sunan da aka rubuta a layin farko kusan shi ne dukan zaɓin. Wanda ya ga makin da aka tsaya a kansa bara a jami'ar da ya nema, ya ga tazarar da ke tsakaninsa da shi ta kai maki hamsin, ya kamata ya tambayi kansa da gaskiya ko likita yake so ya zama ko ɗalibin wannan jami'a. Abu ɗaya da zan ƙara: kafin a ruga sabuwar makaranta saboda ƙofarta ba cunkoso, a tabbatar MDCN ta amince da ita da kuma adadin da aka yanka mata. Makarantar da ta ɗebi fiye da adadinta, ɗalibanta ne ke biyan bashin a ƙarshe, lokacin da za a yi musu rajista da majalisar.

Yanzu ga ita shekarar kanta, wadda lissafin maki ba ya nunawa. Ana cewa "zai zauna ya sake", kamar zaman abu ne mai sauƙi. Watanni tara ko goma ne a gida, babu ƙararrawar makaranta, babu malamin da zai tambayi aikin gida, abokan aji sun tafi suna turo hotuna daga jami'a. Namiji akan ce ya riƙa leƙa shago kafin lokaci ya yi, daga leƙawa ya koma zama daga safe har magariba, littafin Kemistiri yana ƙarƙashin kanta ƙura ta rufe shi. Mace kuwa aikin gida ne ke cinye ta, tunda ita ce ba ta zuwa ko'ina, sannan ga magana. Gwaggo ta zo yini, ta dubi yarinya tana wanke-wanke, ta juya wajen uban ta ce, "Yaya, yarinyar nan fa ta girma. Karatun nan idan bai yiwu ba, ai ba dole. Ga masu nema suna ta zuwa." Shi kuma ya yi shiru, domin shi ma ya fara tunanin haka. Yarinyar tana ji daga bakin rijiya. Da daddare ta buɗe Fiziks, ba abin da ke shiga.

Wannan yana ci mini rai, domin duk wanda ya taɓa raka mace asibiti a garuruwanmu ya san yadda ake neman likita mace, ya san matan da ke jinkirta zuwa har ciwo ya yi nisa saboda ba sa son namiji ya duba su. Yarinyar da ta ci 240 a zaman farko daga makarantar gwamnati, ba lesin, ba kwamfuta a gida, ta nuna abin da ke kanta. Idan gida ya yarda ta sake, to a yarda gaba ɗaya. A ɗauke mata wani ɓangare na aiki, a ba ta awannin safe, a biya mata lesin idan da hali, a sa ta yi jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske, ta kuma saba da linzamin kwamfuta. Cewa "mun ba ta dama ta biyu" alhali ba a ba ta lokacin karatu ba, wannan ɗora mata laifin faɗuwar da ba tata ba ne.

Ba dole ba ne kuma shekarar ta zama ta zaman gida. Akwai IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda ake karanta darussa uku a mataki na gaba da sakandare cikin kimanin shekara guda, a nemi shiga aji biyu kai tsaye. Akwai JUPEB mai kama da shi. Amfaninsu a fili yake: yaro yana cikin aji, yana gaban malami, kuma Fiziks da Kemistirin da yake koya sun zarce na JAMB zurfi, don haka da yawa sukan haɗa biyun, su yi shirin su kuma sake zaman JAMB. Sai dai a sani guraben shiga kai tsaye a likitanci kaɗan ne ƙwarai, sai mai sakamako na ƙoli. Ba gajeriyar hanya ba ce.

Hanyar da ta fi yaudarar mutane ita ce wadda ake cewa, "Karɓi abin da aka ba ka, in ka shiga sai ka canza." Jami'a ta ba yaro Bayokemistiri ko Bayoloji ko ilimin sassan jiki maimakon likitanci, a ce masa ai duk gida ɗaya ne. Canjin yana faruwa, amma ga mutum ƙalilan, a wasu jami'o'in ma ba a yin sa sam, saboda adadin MDCN ya riga ya cika da waɗanda aka ɗauka tun farko. Wanda zai karɓi irin wannan kwas ya karɓe shi da niyyar zai iya gama shi ya rayu da shi. Idan yana so ya sake zaman JAMB daga can, wannan ma ana yi, kuma ya fi zaman banza, amma ya san nauyi biyu ya ɗauka, kada ya saki na hannu ya zo ya rasa duka.

Masu hali sukan duba waje. Shekaru da yawa Sudan ce makomar 'ya'yan Arewa da suka rasa gurbi a gida, musamman mata, saboda kusanci da addini da sauƙin kuɗi. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, wasu suna ajin ƙarshe, takardunsu na can. Shekara ɗaya kafin nan waɗanda ke Yukren sun ga irin wannan. Ko lafiya aka gama, wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a Najeriya, kuma ba kowa ke tsallake ta a zaman farko ba. Ga kuma faɗuwar darajar naira tun 2023, wadda ta sa kuɗin makarantar da uba ya lissafa a shekarar farko ya ninka kafin a kai ta uku.

To sau nawa ya kamata a sake? Hukuma ba ta sa iyaka ba, ni ma ba zan sa lamba ba, amma zan faɗi ma'aunin da na yarda da shi. A dubi motsin maki. Wanda ya tashi daga 230 zuwa 265 yana tafiya, zama na uku a wurinsa ba hauka ba ne, musamman idan ya gyara zaɓin jami'a. Wanda ya yi 228, ya yi shiri na gaskiya shekara guda, ya dawo da 233, jarrabawar ta gaya masa wani abu, kuma ƙaunarsa ce a taya shi sauraro. A lissafa kuma abin da ke gaba. Karatun shekara shida ne idan ba a samu tsaiko ba, kuma ana samu: yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Bayan shi ga shekarar horo a asibiti, ga bautar ƙasa. Samun gurbin ma ba shi ne ƙarshen tankaɗe ba. A ajin farko kimiyya zalla ake yi, wanda bai kai abin da ake so ba a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ba ya haurawa aji biyu, wani sashe ake tura shi. Gaba kuma ga babbar jarrabawar sassan jiki da aikin gaɓoɓi da Bayokemistiri, wadda ke mayar da wasu gida bayan shekara uku. Yaron da ya kutsa da ƙyar ta hanyar haddar amsoshin tsofaffin tambayoyi, bai gane Fiziks ɗin ba, zai sake gamuwa da shi a can, inda faɗuwa ta fi tsada.

Zama na biyu ko na uku ya kamata ya zo da shawarar da aka yanke tun kafin sakamako ya fito, a zaune, uba da uwa da yaron, ba ranar da rai ya ɓaci ba. Idan maki ya kai kaza, likitanci a jami'a kaza. Idan bai kai ba, ga inda za a juya, kuma hukumar tana buɗe damar sauya kwas da jami'a bayan fitar sakamako, sai dai ba ta daɗewa a wasu jami'o'in kafin su rufe tantancewa. Inda za a juya kuwa akwai shi. Likitan haƙori shekara shida yake yi, a ƙarƙashin majalisa ɗaya da likitan asibiti. Ga ilimin haɗa magunguna, ga digirin jinya, ga kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, ga gashin ƙashi, ga ɗaukar hoton cikin jiki, kowanne da majalisarsa da lasisinsa, kowanne kuma ana neman masu shi a asibitocinmu ido rufe. Su ma suna da cunkoso, jinya da haɗa magunguna musamman, don haka mai 240 da ya tsaya jiran sunansa ya fito a likitanci har jerin ƙarshe yakan waiwayo ya tarar su ma sun cika.